Sikeli ko tef ɗin tela: wanne ya kamata ka saya?

Ƙanena ne ya jawo wannan magana. Shekara shida ke nan da ya jingine fartanya ya buɗe shagon tireda a bakin titin garinmu, nan ƙasar Gaya, kuma zaman benci ya karɓe shi sosai. Wuya ya cika, tumbi ya turo riga, 'yan majalisa har sun fara kiransa Alhaji tun bai je ba. Da aka gwada shi a asibiti aka ce jininsa ya fara hawa, sai ya tsorata. Ya koma taka keke zuwa gonarsa ta fadama bayan sallar asuba, ya yi sallama da lemon kwalba da shayin dare mai kauri. Bayan wata biyu ya je kasuwar Wudil ranar Juma'a, ya ba yaron nan mai yawo da sikeli 'yan canji ya hau. Kilo 78 ya gani. A asibiti kuwa 79 aka rubuta masa.

Ya dawo ransa a ɓace. "Yaya, ashe wahalar banza nake sha. Wata biyu, kilo ɗaya tak! Ni nawa sikelin zan saya, irin mai batir ɗin nan da aka ce har kitse yana aunawa."

Na ce masa kafin ya kashe kuɗinsa ya ɗaga riga ya dubi mazagin wandonsa. Wurin da ƙulli ya saba zama ya yi baƙi ya murɗe, ga shi nan a fili, amma yanzu ƙullin ya matsa ciki da faɗin yatsu biyu. Ya yi shiru yana kallo. Tun ranar mutum uku suka tambaye ni ko sikeli ya kamata su saya ko tef ɗin tela, shi ya sa na ga gara in baje ta gaba ɗaya, kowa ya zaɓi abin da ya dace da shi.

A fara da mahauci, don ya fi mu sanin wannan ilimi. Ka tsaya a kara ka kalli yadda yake taya rago. Ba ruwansa da kilo nawa ne. Zai dafa gadon baya, ya matsa cinya, ya lalubi ƙirji, ya kama gindin wutsiya. Abin da hannunsa ke nema shi ne me ke ƙarƙashin fatar: tsoka ce, kitse ne, ko kuwa dusa da ruwa ne aka cika wa dabbar ciki da safe don ta yi kyan gani. Sikeli ba shi da wannan hannun. Ƙashi, tsoka, kitse, jini, tuwon da ka ci jiya, ruwan da ka sha yanzu, duk zai haɗa ya ba ka lamba ɗaya, kamar a ɗora buhu a ce kilo 100 ne ba a gaya maka gero ne a ciki ko yashi ba.

Fiye da rabin nauyin babban mutum ruwa ne, kuma ruwa shi ne abin da ya fi saurin shiga da fita. Ruwan leda ɗaya rabin kilo ne, ka sha biyu ka hau sikeli ka ƙaru da kilo guda nan take. Ka wuni kana huɗa a rana ka sauka da fiye da haka, duk gumi ne. Akwai kuma wani ajiyayyen suga da jiki ke tarawa a hanta da tsoka, kusan rabin kilo in ya cika, kuma kowane giram ɗinsa yana riƙe da kamar giram 3 na ruwa. Shi ya sa wanda ya rage tuwo da shinkafa yakan ga kilo ɗaya ko biyu sun zube a makon farko ya yi ta murna, ranar da ya je biki ya ci ya ƙoshi su dawo ya yi ta baƙin ciki, alhali kitsensa bai san an yi ba. Haka abin yake a kwanakin farko na azumi. Gishiri da dunƙulen miya in sun yi yawa suna sa jiki riƙe ruwa, mata kuma sun san yadda jiki kan yi nauyi gab da zuwan al'ada.

Kitse ba ya wannan gaggawar. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) kusan 7,700, babban mutum kuwa abin da yake buƙata a wuni bai cika wuce 2,000 zuwa 2,500 ba in ba aikin ƙarfi yake yi ba. Kafin ka tara kilo biyu na kitse a dare ɗaya, sai ka cinye abincin kwana shida a kan wanda ka saba. Ko a walimar sarki ba a yin haka. Saboda haka bambancin kilo ɗaya tsakanin sikelin asibiti da safe da sikelin yaro a kasuwa bayan an ci shinkafa da wake, ba labari ba ne sam. Sikeli biyu ma da wuya su yi shaida ɗaya a kan mutum ɗaya.

Sai maganar da ta fi yawo a bakin samari masu ɗaga ƙarfen siminti a bayan gari, wai tsoka ta fi kitse nauyi. Kilo dai kilo ne. Abin da ake nufi shi ne tsoka ta fi cushewa, kamar mudun gero da mudun dusa. Kilo 10 na kitse zai cika lita 11, kilo 10 na tsoka kuma bai kai lita 9 da rabi ba. Akwai bambanci, amma bai kai yadda ake zuzuta shi a hotunan waya ba, inda za a nuna maka tulin kitse kamar ƙwarya kusa da tsoka kamar dunƙulen hannu. Kuma a nan zan ɗan taka wa masu yaudarar kansu birki. Tsoka tana ginuwa ne a hankali ƙwarai. Sabon shiga da ke ci da kyau yana motsa jiki da gaske, in ya sami kilo ɗaya a wata ya yi babbar sa'a. Wanda ya yi mako biyu yana ɗan zagaye, nauyinsa ya ƙaru da kilo uku, ya ce ai tsoka ce, to ya sake lale. Kitse kuma ba ya rikiɗa ya zama tsoka, tsoka ba ta narkewa ta zama kitse. Ɗan damben da ya yi ritaya ya yi teɓa, abu biyu ne suka same shi lokaci guda: ƙwanjinsa ya saki don ya daina aiki da shi, cikinsa kuma bai daina karɓar abincin ɗan dambe ba.

Ma'aikatan lafiya suna da wani lissafi da suke haɗa nauyi da tsawo, wanda suke kira BMI. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fito da shi a shekarun 1830, sunan da ake kiransa da shi yanzu kuma Ancel Keys na Amurka ne ya raɗa masa a 1972. Ana raba nauyinka na kilo da tsawonka na mita sau kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da 18.5 rama ce, daga nan zuwa 24.9 daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, 30 zuwa sama kuma ƙiba ce ta cuta. Ƙanena tsawonsa mita 1.70, nauyinsa 78, lissafinsa ya ba da 27. Muna da ɗan baffanmu da ke dako a Dawanau, tsawonsu ɗaya, nauyinsu kusan ɗaya, shi ma 27 zai samu. Wannan yana saɓa buhun masara ya hau katakon tirela da shi, wancan kuwa a lokacin in ya ɗauko katan biyu daga sito sai ya zauna ya huta. Lissafin ya sa su a layi ɗaya. Don auna jama'a da yawa aka yi shi, kuma a nan yana da amfani, amma mutum ɗaya yana iya faɗa masa ta baya.

To, sikelin mai auna kitsen fa? Yadda yake aiki shi ne, yana tura wata 'yar wutar lantarki da ba ka jin ta, ta shiga ta tafin ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayan. Tsoka tana da ruwa da yawa, wuta tana ratsa ta cikin sauƙi, kitse kuma yana tare ta. Daga nan sai na'urar ta haɗa da shekarunka da tsawonka da jinsinka ta yi kirdado. Ka lura, ruwa take bi, ruwan nan da muka ce ba ya zama wuri ɗaya. In ka hau da ƙishirwa a bazara za ta ƙara maka kitsen da ba ka da shi, ka sha ruwa ka huta ta rage. Wutar kuma ƙafafu ta fi bi, cikin da muke damuwa da shi ba ta cika leƙa shi ba. Ga kuma matsalar da ta shafe mu kai tsaye: tafin ƙafar manomi mai kaushi da faso, balle a hunturu, ba ya haɗuwa da ƙarfen yadda ake so. Ƙara da batir, ƙara da cewa kowane irin sikeli yana son daɓen siminti mai tauri marar tudu da kwari, in ka ɗora shi a kan rairayi ko tabarma lamba uku zai ba ka a hawa uku. Wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya an hana shi hawa irin wannan, mai ciki ma ba a ba ta shawararsa. A ganina, a cikin duk abin da ke gabanmu shi ne ya fi tsada kuma shi ne ya fi ƙarancin amfani ga mutumin ƙauye.

Tef ɗin tela kuwa kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba, ba ya cin batir, ba ya tsoron ƙura, yana shiga aljihu. Abin da ya sa na fifita shi ba arha ba ce kawai. Yana auna wurin da haɗarin yake. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan fiɗar ragon layya ya ga kitse iri biyu, na ƙarƙashin fata da wanda ya lulluɓe kayan ciki ya naɗe ƙoda. Mu ma haka muke. Na cinya da mazaunai bai cika ɓarna ba. Na cikin ciki, wanda ke kewaye da hanji da hanta, shi ne ke tafiya tare da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Mutum yana iya zama siriri, ƙafafu kamar sillen kara, amma ga ɗan tumbi a gaba, sikeli ya ce masa lafiya lau, tef ya ce a'a. Wani alheri kuma shi ne, wannan kitsen na ciki yana cikin masu saurin amsawa in an fara motsa jiki, ko da nauyi bai sauka sosai ba. Abin da mazagin ƙanena ya nuna ke nan.

Amma sai an iya awon. Kada ka ɗauki lambar da tela ya rubuta maka ta wando, don mai tumbi a ƙarƙashin tumbin yake ɗaure wando, shekara goma lambarsa ba za ta canza ba alhali ciki yana ta gaba. Ka tsaya a miƙe da safe kafin ka karya, ka lalubi ƙashin haƙarƙarinka na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, tsakiyarsu nan ne wurin, galibi daidai cibiya ko sama da ita kaɗan. Tef ya kwanta a kan fata, kada ya karkace ta baya, kada ka ja shi ya nutse. Ka saki numfashi yadda ka saba, sannan ka karanta. Ban da shanye ciki. Na ga ƙanena ya yi haka a karon farko har idonsa ya yi ja, na ce masa, "Malam, ba zance za ka ba, saki." Da ya saki, santimita 94 muka gani, wato inci 37. Na ɗan baffanmu mai dako inci 32 ne.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi ya ce namiji in ya wuce santimita 94 haɗari ya fara, in ya wuce 102 ya yi yawa. Mace kuma 80 da 88. A jikin Turawa aka fara fitar da waɗannan lambobi, kuma ba su kula da dogo da gajere ba. Akwai wanda ya fi su sauƙi, wanda hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawararsa a 2022: kada kewayen cikinka ya kai rabin tsawonka. Wannan ko karatu ba ya buƙata. Sami igiya marar talewa, ka taka bakinta da diddige, a ja ta zuwa tsakar kanka a yanke. Ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita. In bakunan sun haɗu da rara, madalla. In sun ƙi haɗuwa, giɓin da ya rage shi ne aikin da ke gabanka, kuma kana iya auna shi da yatsu duk bayan mako biyu. Ga matan da ba sa fita, ko wadda ba ta son a ga lambarta a bainar jama'a, wannan ya fi komai rufin asiri. Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ɗan tef ɗin nan mai ja da rawaya da kore da ake naɗa wa yara a damtse a asibiti, wanda in ya nuna ƙasa da santimita 11.5 ake cewa tamowa ta yi tsanani, shi ma shaida ne cewa awon kewaye yana faɗin abin da ido bai gani ba.

Tef yana da nasa rauni. In ya tsufa yana talewa. Cikin da ya kumbura da wake ko rogo zai ƙara maka inci na wuni ɗaya. Ba ya aiki ga mai ciki, mai jego ma sai ta ba jikinta watanni. Kuma canjinsa a hankali yake zuwa, wanda ke aunawa kullum zai gaji ya jefar.

Madubi da hoton waya ba zan daɗe a kansu ba. Ido yana sabawa, bakin mutane kuma ya fi madubi ruɗi, don a wurinmu "ka yi ƙiba" yabo ne, "ka rame" jaje ne. Riga ɗaya da ka sani, wadda ba ta da yalwa, ta fi su gaskiya. Babbar riga kuwa ba ta taɓa tona asirin kowa ba.

Akwai awo na uku da ba a saye, kuma shi ne ke faɗin labarin tsoka, abin da tef ɗin ciki ba ya yi. Jarka mai lita 25 in ta cika kilo 25 ce. Daga bakin rijiya zuwa ina kake kai ta kafin ka dire? Kunya nawa kake nomewa kafin ka miƙe ka riƙe ƙugu? Hawan nan na hanyar fadama, kana taka keke har sama ko sauka kake ka tura? Da farkawarka kafin ka tashi, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga bugun minti ɗaya. Na babban mutum yakan kasance tsakanin 60 da 100, kuma in zuciya tana ƙara ƙarfi lambar takan sauko a hankali cikin watanni. Ga dattawa wannan awon ya fi kowanne muhimmanci. Daga shekara 30 tsoka takan fara raguwa, kamar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, kuma abin yana ƙara sauri bayan 60. Baba yana iya riƙe nauyinsa na da cif, amma cinya ta zube kitse ya maye gurbinta. Inda za ka gane shi ne wurin tashi daga sujada, ko miƙewa daga tabarma: da ba ya dafa komai, yanzu sai ya dafa ƙasa, gobe sai ya dafa bango. Irin wannan ba rage cin abinci yake buƙata ba. Wake, gyaɗa, awara, nono, ƙwai da kifi yake buƙata, da ɗan aikin da zai sa cinya da hannu su yi ƙoƙari ko sau biyu a mako.

Wannan ya kawo ni ga abin da masu rubutu daga birni kan manta. A ƙauye ba kowa ke neman raguwa ba. Manomi yakan zube a tsakiyar damina, lokacin da aiki ya fi yawa rumbu kuma ya yi ƙasa, ya murmure da kaka. Wannan saukar ba ci gaba ba ce, don in abinci ya gaza har tsoka jiki yake ci. Ga kuma 'yan mata da amare masu shan ƙwayoyin sha-ka-fashe don su ciko kafin biki. Da yawa daga cikin ƙwayoyin nan deksametazon ne, wani maganin asibiti mai ƙarfi na rage kumburi. Sikeli zai hau, a yi ta barka, amma abin da ya ƙaru ruwa ne da kitsen fuska da na ciki, hannu da cinya kuwa sirancewa suke, suga da jini suna hawa. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke rana ɗaya, sai ta je asibiti a janye mata a hankali, don yankewar farat ɗaya ma haɗari ce.

Kada a ce na yi wa sikeli rashin adalci, akwai inda babu mai maye gurbinsa. Awon masu juna biyu da awon jarirai nasa ne. Wanda yake ramewa ba tare da ya nema ba, yana yawan fitsari da ƙishirwa, ko yana tarin da ya wuce mako biyu da zufar dare, lambar sikeli ce za ta nuna wa likita girman abin, kuma wannan maganar gwajin suga ce ko tarin fuka, ba ta motsa jiki ba. Haka wanda nauyinsa ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki, ƙafa ta kumbura, in an danna yatsa ya bar rami. Wannan ruwa ne, zuciya ko ƙoda ke kuka. Mai jegon da ta ga haka tare da haki in ta kwanta, a kai ta asibiti a ranar, kada a ce ƙibar jego ce. Gidan da ke da mai ciwon zuciya ko ƙoda da likita ya ce a riƙa auna shi, su sayi sikeli, marar kwalliya, su ajiye shi a kan siminti.

In ba haka ba, ga mai tumbi irin ƙanena, ga malamin makaranta ko ɗan acaɓa da zama ya yi wa yawa, ga uwargida da ke son sanin inda ta kwana, shawarata tef ko igiya, duk mako biyu, a rubuta. A haɗa da gwajin ƙarfi guda ɗaya da aka zaɓa aka tsaya a kansa. Sikeli kuma a riƙa hawa na asibitin garinku sau ɗaya a wata, guda ɗaya ba a canzawa, da safe, da kaya marasa nauyi, a cire takalmi da tarin makullai. In ciki yana raguwa, ƙarfi yana ƙaruwa, nauyi ya tsaya, hanya ta yi kyau. In nauyi yana zuba, ƙarfi ma yana zuba, jarkar da kake kaiwa gida yanzu sai ka dire sau biyu, to yunwa kake yi wa kanka, ƙara abinci. In kuwa duka ukun sun ƙi motsi wata uku, a koma a binciki kwanon tuwo da kofin shayi.

Ƙanena dai tef ya saya, a wurin masu kayan ɗinki a Wudil. A bangon baya na littafin da yake rubuta masu cin bashi ya ja layi uku, kwanan wata da inci da kilo. Wancan makon da na leƙa shagon ya buɗe mini: inci 37, sai 36 da rabi, sai 36. Rabin tsawonsa 33 da rabi ne, da sauran tafiya. Kilo kuwa 77 aka rubuta masa a asibiti. Na ce ya kawo tef ɗin in gwada nawa, ya laluba aljihu, ya duba ƙarƙashin kanta, sannan ya tuna. "Yaya, sai dai ka zo gida. Tun shekaranjiya yana ɗakin maman yara, ita da maƙwabciyarta sun hana ni."